FASHIN BAƘI: Yadda wayar famfon mai ke haddasa gobara a tsofaffin motoci

Duk lokacin da mota ta kama da wuta a kan titi, bayanin da aka saba ji shi ne "matsalar waya ce", daga nan sai a rufe zancen. Amma wayoyin mota ba ɗaya ba ne wajen haɗari. Wadda ke kai wuta ga famfon mai ita ce ke haɗa lantarki da fetur a wuri guda, kuma tana daga cikin waɗanda aka fi taɓawa a garejojinmu. Fahimtar yadda take lalacewa na nuna cewa yawancin irin wannan gobara ana iya hana ta tun kafin ta tashi.

Mene ne famfon mai, kuma a ina yake?

A motocin da, masu kabureta, inji ne da kansa ke juya famfon, kuma ƙarfin turin man kaɗan ne. Daga shekarun 1980 zuwa 1990 kamfanoni suka koma tsarin injekta, wanda ke buƙatar a turo fetur da ƙarfi sosai. Sai aka koma amfani da famfo mai aiki da lantarkin batir, aka kuma sanya shi a cikin tankin mai, yana nutse a cikin fetur.

Jin haka na iya tayar da hankali, amma akwai hikima a ciki. Fetur ba ya kamawa sai tururinsa ya gauraya da iska daidai gwargwado, wato kimanin kashi 1.4 zuwa 7.6 cikin 100. A cikin tanki rufaffe tururin ya fi haka yawa, iskar kuma ba ta isa ba. Fetur ɗin ne kuma ke sanyaya famfon yayin da yake aiki. Saboda haka haɗarin ba a cikin tanki ya fi yawa ba. Yana saman tankin ne, inda wayoyi ke ratsa murfin roba ta hanyar soket, galibi a ƙarƙashin kujerar baya ko ƙasan but, inda iska ke wadace.

Yadda matsalar ke farawa

Famfon yana jan wuta ba tsayawa muddin inji na aiki. Idan bakin soket ya yi tsatsa, ko ya saki saboda girgizar hanya, wutar takan sha wahalar wucewa, wahalar kuma ta zama zafi. Zafin na ƙara sassauta ƙarfen, sassaucin na ƙara zafin, har robar da ke riƙe da shi ta narke. Idan ta narke, an sami kafar da fetur ko tururinsa zai fita, daidai wurin da tartsatsi zai iya tashi.

Tsufan famfo na ƙara tsananta lamarin. Famfon da ya gaji, ko wanda datti ya toshe masa filta, yakan ja wuta fiye da yadda aka tsara wa wayarsa. Ita kuma robar da ke lulluɓe da waya takan bushe ta tsattsage bayan shekaru, musamman a yankunan da zafin bazara ke haura digiri 40, kamar Sakkwato da Maiduguri. Wayar da ta yi tsirara ta taɓa jikin mota kuwa, tartsatsi ne nan take.

Wannan ba matsalar motocin talakawa ba ce kaɗai. A 2005 kamfanin General Motors ya yi wa motocin Chevrolet Suburban da GMC Yukon XL ƙirar 2000 da 2001 kiranye a Amurka, saboda mahaɗin wayar famfonsu na iya yin zafi fiye da kima. A 2016 kamfanin BMW ya yi kiranyen motoci fiye da 130,000 a ƙasar, ciki har da X5 da X6, saboda ba a matse bakin wayoyin famfon da kyau ba, abin da ke iya narkar da soket har mai ya riƙa yoyo.

Matakan kariya da ake cirewa

Masu ƙera mota sun san da wannan haɗari, shi ya sa suka jera matakan kariya. Akwai fis, wanda ke tsinkewa idan wuta ta yi yawa. Akwai rile, wanda kwakwalwar mota ke sarrafawa: tana ba famfon wuta na kimanin daƙiƙa 2 idan an murɗa makulli, sannan ta yanke idan inji bai tashi ba ko ya mutu. Wasu motocin, musamman na Ford, suna da ƙarin makunni da ke kashe famfon idan an yi karo.

A nan ne gyaran gaggawa ke yin ɓarna. Idan fis na yawan ƙonewa, wani mai gyaran waya sai ya sa wanda ya fi shi girma, ko ya ɗaure gurbin da zaren waya. Fis ɗin ya daina ƙonewa, amma wayar ce za ta ƙone a madadinsa. Idan rile ya sami matsala, sai a yi wa famfon "dairek" daga makulli ko batir. Mota ta tashi, mai ita ya yi murna, alhali ko da ta yi hatsari tiyon mai ya fashe, famfon zai ci gaba da feso fetur.

Haka nan ɓoyayyen makunnin hana sata da na'urar bibiyar mota, sau da yawa a kan wayar famfon ake yanka a haɗa su. Idan murɗe wayoyin kawai aka yi aka naɗe da salatif, an dasa wurin da zai riƙa zafi a ƙarƙashin kafet.

Ina ruwan siyasa da wannan?

Rahoton Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018, Tarayyar Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motoci na hannu miliyan 14, kuma kashi 40 cikin 100 Afirka suka nufa. Nijeriya na cikin manyan kasuwanninsu. A Amurka, kamfani ne ke aika wa mai mota takardar kiranye, ya kuma gyara masa kyauta. Motar da aka yi gwanjonta aka ɗoro ta a jirgin ruwa zuwa Legas ko Kwatano ta rabu da wannan tsari, sai ta iso da aibinta, wanda ya saye ta kuma bai san da shi ba.

Tsadar rayuwa ma na da hannu. Tun da Shugaba Bola Tinubu ya ayyana cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, direbobi da yawa ke yawo da tanki kusan wayam, wanda hakan ke rage wa famfon abin da ke sanyaya shi. Faɗuwar darajar naira ta sa ingantaccen famfo da soket sun yi tsada, sai mutane su koma ga mai araha, araha kuwa ba ta ado.

Tambayoyin da suka dace a yi wa hukumomi a bayyane suke. Shin takardar shaidar lafiyar mota da jami'an VIO ke bayarwa tana biyo bayan binciken waya da tiyon mai, ko biyan kuɗi ne kawai? Tunda Hukumar Kwastan na amfani da lambar shasi wajen ƙiyasta kuɗin fito, me zai hana a yi amfani da lambar wajen gano motar da ke da kiranyen da ba a gyara ba? Kuma wa ke tantance ƙwarewar masu gyaran waya?

Alamomin da ba a yi musu jinkiri

Warin fetur a cikin mota ko kusa da kujerar baya, ƙaurin roba, fis ɗin famfo da ke ta ƙonewa, kukan famfo da ya ƙaru, da mota mai mutuwa idan ta yi zafi sannan ta tashi bayan ta huce, duk gargaɗi ne. Soket ɗin da ya yi baƙi ko ya narke, canza shi ake yi tare da bakin wayarsa, ba gogewa ba. Kafin a taɓa wurin, a cire kan batir, a kuma yi aikin a sarari, nesa da wuta. Mai motar da ta fito daga Amurka na iya shigar da lambar shasinta mai haruffa da lambobi 17 a shafin hukumar NHTSA, ya ga ko tana da kiranye, ba tare da biyan ko sisi ba.

Idan hayaƙi ya riga ya tashi, a tsaya a gefe, a kashe makulli, a fitar da kowa, a yi nesa da motar, a kira 112 ko 'yan kwana-kwana. Kada a wangale bonet, domin iska ce abincin wuta, kuma kada a watsa wa fetur ruwa, domin yaɗa shi zai yi. Tukunyar kashe gobara mai hoda, wadda Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta wajabta wa kowace mota, tana amfani ne kawai idan wutar ƙarama ce, kuma idan tukunyar ba ta daɗe da lalacewa a cikin but ba.