Darasin Talotalon Ingila ga Mai Rumbun Gyada

A shekarar 1960, talotalo kimanin 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci tunkuzar gyadar da aka kawo daga Birazil. Bincike ya gano gubar afulatoksin, wadda funfuna ke haifarwa a gyada da masara masu danshi.

Ya mai karatu, wannan guba na jawo sankarar hanta, musamman ga mai cutar hanta nau'in B. Sankarar kan kutsa jijiyoyin jinin hanta a ɓoye, ta isa huhu da ƙashi.

Don haka, manomin Ungogo, busar da gyadarka sosai kafin ajiya, ka yi gwajin jini. Rigakafin cutar ya wadata ga jariran Najeriya tun 2004. A kai jariri cikin awa 24 da haihuwa.