Kalmar "Wasiyya" Tsakanin Shari'ar Musulunci da Dokar Ingila

Maƙasudin wannan takarda shi ne a bi tarihin kalma guda daga cikin kalmomin shari'a na Hausa, watau "wasiyya", a kuma nuna yadda aka ɗora mata ma'anoni biyu masu karo da juna.

Ita dai kalmar "gado" Bahaushiya ce, haka ma "magaji". Amma kalmomin da ake rabon da su daga Larabci suka zo, ta hanyar littattafan fiƙihun Malikiyya irin su Risala da Muhtasar, waɗanda alƙalai suka riƙa hukunci da su, musamman bayan jihadin 1804. Daga nan ne muka sami sulusi, da rubu'i, da sudusi, da kuma tumuni, wanda har ya shiga bakin jama'a a "tumunin takaba", watau kashi ɗaya cikin takwas na matar mamacin da ya bar 'ya'ya.

A wannan tsari wasiyya tana da iyaka biyu. Na farko, ba ta wuce sulusin dukiya. Na biyu, ba a yin ta ga magaji, sai fa in sauran magada sun yarda. Ana fitar da ita ne bayan hidimar jana'iza da biyan bashi, kafin a raba gado. Ke nan a wurin alƙali, wasiyya hanya ce ta taimakon wanda ba shi da rabo, kamar agola ko masallaci. Wanda ke son ya ba ɗansa gida, sai ya yi masa kyauta yana da rai da lafiya, ɗan kuma ya yi hauzi, watau ya karɓi abin a hannunsa.

Da Turawa suka kafa mulki, sai suka shigo da dokokin gama-gari da ke aiki a Ingila ran 1 ga Janairu 1900. Cikinsu har da dokar 1837, wadda ta ba mutum ikon barin dukan dukiyarsa ga wanda ya ga dama, muddin ya rubuta, ya sa hannu a gaban shaidu biyu. Da aka zo fassara, ita ma wannan takarda sai aka kira ta wasiyya, alhali kuwa ba sulusi a cikinta, ba kuma hani game da magaji.

Saɓanin ya fito fili a shari'ar Yunusa da Adesubokan, inda wani Musulmi ya fifita wasu 'ya'yansa da irin wannan takarda. A 1968 Mai Shari'a Muhammadu Bello, wanda daga baya ya zama Babban Jojin Nijeriya, ya hukunta cewa Musulmi ba shi da ikon ƙetare iyakar da shari'arsa ta sa masa. Amma a 1971 Kotun Ƙoli ta rushe hukuncin, ta ce dokar 1837 ita ce gaba. Daga baya ne wasu jihohi, irin su Kaduna da Kwara, suka yi dokokinsu da suka mai da wasiyyar Musulmi ƙarƙashin shari'ar Musulunci. A kan dokar Kwara ce Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tsaya a 2007, ta ƙi amincewa da wasiyyar wani Musulmi saboda ta saɓa wa ƙa'idojin gado.

Wannan tarihi ya nuna cewa aikin fassarar kalmomin shari'a ba na masana harshe kaɗai ba ne. Mutum na iya sa hannu a takardar lauya yana zaton wasiyyar da ya sani ce, magadansa kuma su ƙare a kotu. Don haka muna ba da shawara ga masu tsara ƙamus da masu fassara a kotuna su bar "wasiyya" ga ma'anarta ta fiƙihu, ɗayar kuwa a riƙa bayyana ta a fili da "wasiyyar dokar Ingila".