Kwamfutar Sakhr ba iri ɗaya ba ce

A 1987, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Katsina, yaran Jidda da Kuwait suna zaune gaban talabijin suna danna wata kwamfuta mai suna Sakhr. Mu nan Safana da Batsari allo da tawada muka sani. Amma labarinta ya shafe mu, domin baƙaƙen da ke kan madannanta su ne waɗanda malam ya fara biya mana.

Kamfanin Al-Alamiah na Kuwait, na marigayi Muhammad Al-Sharekh, shi ya fito da ita. Japanawa ne suka ƙera, bisa tsarin MSX da ASCII da Microsoft suka fitar a 1983. Aikin Larabawa shi ne koya mata Larabci: ta yi rubutu daga dama zuwa hagu, harafi ya sauya kama a farkon kalma ko tsakiya ko ƙarshe. Duk mai rubuta ajami ya san wannan ba wasa ba ne.

To, sunan ɗaya ne, amma injinan sun bambanta. AX-170, ƙirar Sanyo, ita ce ta fi shiga gidaje. Ƙwaƙwalwarta kilobait 64 ce, launinta 16. Komai a jikin madannai yake: ka jona waya a talabijin, ka cusa akwatin wasa ko na karatu a ramin da ke sama, shi ke nan. In kuwa shiri ka rubuta da hannunka kana son ajiyewa, sai ka nemo rikoda da kaset, irin na sauraren wa'azi, ka zauna kana jin ƙara mai tsini har ya gama. Wuta ta ɗauke kafin nan, wahalarka ta tafi a banza.

AX-350 ta Yamaha da AX-370 ta Sanyo kuwa 'yan zubi na biyu ne, wato MSX2. Launi ya kai 256, layin rubutu ya ɗauki harafi 80 maimakon 40, sannan ga ramin faifan fulofi a jikinsu. A ganina nan ne ainihin bambancin yake. AX-170 ta fi dacewa da yaro mai wasa da koyon karatu. Mai fulofi ita ce ta malami da ɗan kasuwa, wanda zai rubuta yau ya dawo gobe ya tarar da aikinsa.

Daga baya har AX-990 aka yi, wadda aka haɗa da wasannin Sega. Mamayar da Iraƙi ta yi wa Kuwait a 1990 ta sa aikin ya koma Alƙahira, Sakhr ta karkata ga manhaja. Al-Sharekh ya rasu a 2024, Allah Ya jiƙansa.

Jama'ar Safana, Batsari da Dutsin-Ma, ku duba tsofaffin akwatunan tsarabar alhazai. Wanda ya ci karo da Sakhr, don Allah kada ya sayar wa 'yan gwangwan. Ya duba lambar da ke jikinta, ya ɗauki hoto ya turo mana.