Josephine Baker da 'Ya'yanta Goma Sha Biyu

A wurinmu riƙo ba baƙon abu ba ne. Goggo ta ɗauki ɗan ƙaninta, kaka ta karɓi jikanta, yaro ya tashi a gidan da ba nan aka yanke masa cibiya ba, amma ya san asalinsa. A tsakiyar ƙarnin da ya wuce, wata mata a Faransa ta yi wani irin riƙo na daban, wanda har yau ake muhawara a kansa.

An haifi Josephine Baker a birnin St. Louis na Amurka a 1906, cikin talauci da wariyar launin fata. Ta koma Paris a 1925, inda rawa da waƙa suka ɗaukaka ta. Duk da haka, da ta ziyarci ƙasar haihuwarta a 1951, sai da aka wulaƙanta ta a wani gidan cin abinci na New York saboda baƙar fatarta. Sai ta ƙudura za ta nuna wa duniya cewa ƙiyayyar launi koyonta ake yi, ba a haihuwar mutum da ita.

Daga 1954, ita da mijinta Jo Bouillon suka fara ɗauko yara: daga Japan, Finlan, Kolombiya, Aljeriya, Kwaddibuwa, Benezuwela, Maroko da Faransa kanta. Suka tara maza goma, mata biyu, a wani tsohon katafaren gida mai suna Milandes a yankin Dordogne. Ta raɗa musu suna Ƙabilar Bakan Gizo.

Niyyarta ita ce kowane yaro ya riƙe addini da al'adar da ke wakiltar mutanensa. A nan gizo ke saƙa. Jariri bai zo da addini ko harshe a bakinsa ba, don haka ita ce ta raba musu. Cikin yara biyu da ta ɗauko daga Aljeriya lokacin yaƙin neman 'yanci, ɗaya ya tashi Musulmi, ɗaya Kirista. Wani kuma da aka haifa a Faransa ta ba shi Yahudanci. Ta buɗe gidan ga 'yan yawon buɗe ido, suna biyan kuɗi su shiga, su ga baƙi da fari suna wasa tare. Ita tana ganin hujja take kafawa. Su kuwa yaran, kallo ya zama musu abokin girma.

Ɗawainiyar ta fi ƙarfinta. Ciyarwa, malamai, masu reno da gyaran gida duk daga muryarta suke fitowa, sai ta riƙa yawon wasanni a ƙasashe, ta bar 'ya'yan da take nema dominsu. Mijin ya gaji da bashi da jayayya a kan tarbiyya, ya tattara ya koma Ajantina. A 1964 'yar fim Brigitte Bardot ta roƙi jama'a a talabijin su agaza mata, aka ɗan samu sauƙi. Amma a 1968 aka yi gwanjon Milandes. A 1969 aka fitar da ita da ƙarfi daga ɗakin girki inda ta kulle kanta, tana da shekara 62. Gimbiya Grace ta Monako ce ta sama musu matsuguni.

Ba ta yar da ko ɗaya a titi ba, ta ci gaba da hawa dandamali don ciyar da su har ta rasu a watan Afrilun 1975. A 2021 Faransa ta karrama ta a Panthéon, ita ce baƙar mace ta farko da ta sami wannan matsayi.

Ko ta ci nasara? Yaran sun tashi suna kiran juna 'yan'uwa, wannan kam ta tabbatar. Amma labarinta ya bar darasi ga duk mai riƙon ɗan da bai yi kama da shi ba. Goge asalin yaro zalunci ne, rataya masa asalin a wuya don mutane su gani shi ma nauyi ne. Yaro uwa yake nema, ba a haife shi don ya zama amsar gardamar manya ba.