Abin da tambarin bindigar Gras ke faɗa wa mai binciken tarihi

A wannan ƴar takarda za mu duba bindigar sojan Faransa da ake kira Gras, samfurin 1874, wadda ta ɗauki sunan hafsan da ya tsara ta, Basile Gras. Harsashi guda take ci, mai kwanson ƙarfe da baƙin albarushi, faɗinsa milimita 11.

A gefen hagu na ƙarfen da sakata ke gudu a cikinsa ake samun sunan maƙerar gwamnati: Saint-Étienne, Châtellerault ko Tulle, sannan «Mle 1874». In aka ga «Mle 1866-74», to tsohuwar Chassepot ce mai harsashin takarda aka juya. «M80» na nuna gyaran 1880, wato hanyar da aka tsaga don hayaƙi ya fita in kwanso ya fashe, kada ya doki fuskar mai harbi. A gindin bututu kuwa akwai harafin maƙera (S, C ko T) da shekarar ƙira, a kan ƙota kuma da'irar hatimi mai wata da shekarar karɓa.

Mu a wurinmu lambar bindiga ta fi waɗannan duka amfani. Ana buga ta a bututu, da sakata, da ƙota, har da banati. In lambobin suka saɓa, an haɗa sassan bindigogi daban-daban ke nan. Masu tara kayan tarihi na rage wa irin wannan kuɗi. Mu kam ita ta fi ba mu labari, don tana nuna hannun da ya gyara ta, ko na soja ko na maƙerin gari.

Sai dai a yi hattara. Bindigar da aka tarar a wani gida a Damagaram ɗauke da shekarar 1877 ba ta tabbatar da an yi yaƙin Tirmini na 1899 da ita ba. Bayan fitowar Lebel a 1886 Faransa ta yi ta fitar da Gras daga rumbunanta shekara da shekaru, duk da yarjejeniyar Buruksel ta 1890 da ta taƙaita sayar da irinta a yawancin Afirka. Shekarar da ke jikin bututu ta ƙira ce kawai. Lokacin isowarta sai a nema a bakin masu gidan da takardun mulkin mallaka, a gwada su da juna.