Kududdufan Kano ba ramukan banza ba ne

Jama'a, duk damina sai mun yi kukan ambaliya a birnin Kano, amma ni a ganina tarihi muka manta. Tun zamanin Sarki Gijimasu, wanda ya fara ginin ganuwa wajen ƙarni na 12, da ƙasa ake gini. Inda magina suka haƙi ƙasar tubali, nan ke zama kududdufi. In ruwan sama ya sauko, kududdufin unguwa ne ke tare shi, ragowar ya gangara Jakara. Wato ginin gida da maganin ambaliya tare suke tafiya.

Yanzu fa? Mun cike su da shara, an yanka filaye, an gina shaguna. To ina ruwan zai je? Ɗakunanmu mana!

Don Allah, waɗanda suka rage a yashe su, a bar su.