Wuƙar da Zinder ya gano

In ka ce "Zinder" a Maradi ko Tawa, Damagaram kowa zai tuna. To amma a tarihin kimiyya akwai wani Zinder, mutum ne, Ba'amurke: Norton Zinder na Jami'ar Rockefeller da ke New York. Suna ne kawai ya zo ɗaya. A 1968, shi da Hugh Robertson da Robert Webster suka tsamo wani anzim daga bakteri E. coli, wadda ke zaune cikin hanjin kowannenmu. Suka sa masa suna RNase III.

A lise an koya mana cewa ADN zare biyu ne a murɗe, ARN kuwa zare guda. Haka ne, amma da saura. Zaren ARN yakan lanƙwashe ya manne da kansa, wani sashensa ya koma riɓi biyu kamar igiyar guga. Irin wannan wurin RNase III ke nema. Bibbiyu suke haɗuwa su yi aiki, da taimakon sinadarin magneziyom, kowanne ya datse zare ɗaya. Yankan kuma a karkace yake, kowane baki sai an bar masa haruffa biyu sun zarce.

Shekara biyar aka yi ba a san me bakteri ke yi da wannan wuƙa ba. Sai a 1973 John Dunn da William Studier, a cibiyar bincike ta Brookhaven, suka nuna cewa birus T7 mai kama bakteri yana fitar da dogon ARN guda, RNase III ke datsa shi gida biyar. Haka ma ARN ɗin ribozom, wato injin da ke ƙera furotin: a haɗe yake fitowa kamar turmin atamfa, sai an yanka. A 1978 Richard Young da Joan Steitz na Jami'ar Yale suka gano yadda wuƙar ke gane wurin. Sassa biyu da ke nesa da juna, tsakaninsu haruffa wajen 1,700, su ke zagayowa su manne. Ninkin nan shi ne alamar "yanka nan".

Jama'a da yawa sun ɗauka zancen bakteri ne kawai. Ashe ba a nan ta tsaya ba. A 1998 Andrew Fire da Craig Mello suka ga ARN mai riɓi biyu yana rufe bakin ƙwayar gado cikin wata ƴar tsutsa, abin da ya ba su kyautar Nobel a 2006. A 2001 aka gano anzim ɗin da ke daddatsa wannan ARN, sunansa Dicer. Dangin RNase III ne, kuma yana nan cikin jikinmu.

A 2011 Emmanuelle Charpentier, ƴar Faransa da ke aiki a Suwidin, tana nazarin CRISPR, garkuwar da bakteri ke kare kanta da ita daga birus. Ta gano cewa ƙananan ARN biyu ke manne wa juna, RNase III ya gyara su, sannan su nuna wa anzim Cas9 inda zai yanke ADN ɗin abokin gaba. A 2012 ita da Jennifer Doudna suka haɗe ARN biyun suka zama ɗaya, aka samu almakashin gyaran ƙwayoyin gado. Nobel ta biyo baya a 2020.

Ina ruwanmu, ko? Ƙarshen 2023 Ingila da Amurka suka amince da Casgevy, maganin sikila da aka yi da wannan almakashi. Sikila kuwa ba baƙuwa ba ce a unguwanninmu. Sai dai kuɗinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ne, sama da miliyar guda na sefa, ga mutum ɗaya tak. Shekara 55 ke nan daga 1968 zuwa 2023, kuma waɗanda suka fara aikin ba magani suke nema ba, so suke su san abin da ke yanka zare cikin bakteri. Ƙasashen da suka biya kuɗin wannan tambaya tun ba a ga amfaninta ba, yau su ke yanka farashi. Mu da ciwon ya fi yawa a gidajenmu, har yanzu labari muke ji a radiyo.